Motar Lantarki a Hanyar Shinkafi: Ina Za a Yi Mata Caji?

 Sharhinmu na yau a kan motar lantarki ne, wadda ba ta shan fetur sai dai a jona ta da wuta a yi mata caji, da kuma maganar da ake ta yaɗawa cewa yanzu ta yi arahar da mai ƙaramin ƙarfi zai iya mallakarta. Da hanyarmu ta gida za mu auna maganar. Idan aka kawo irin wannan mota tashar Shinkafi aka ce ta yi lodi da safe, ta bi ta Ƙaura Namoda ta kai fasinja Gusau, ta dawo gida kafin rana ta faɗi, za ta iya? Idan ba za ta iya ba, shin magana ta ƙare ke nan, ko akwai wata ƙofar da lantarki zai shigo harkar sufurin yankin nan?

Babu wanda zai ga laifin direban da ya ji labarin motar da ba ta buƙatar mai ya kasa kunne. Ranar 29 ga Mayun 2023, a jawabinsa na kama mulki, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin kwana biyu, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000 a wurare da dama. Mu da muke can ƙarshen hanyar tankokin mai kullum namu ya ɗara na Legas, idan kuma gidan mai ya rufe sai a koma wajen 'yan bumburutu, su kuma farashinsu a bakinsu yake. Kuɗin mota ya ninka, kuɗin kai buhun gero kasuwa ya ninka, ɗan kabu-kabu ya wuni yana aiki rabin cinikinsa ya tafi a tanki. To ga lissafin da ke jan hankali. Ƙaramar motar lantarki takan ci yunit 13 zuwa 15 na wuta a tafiyar kilomita 100. Ko a farashin 'yan Band A, rukunin da ya fi kowa biyan kuɗin wuta, aka saya, wanda aka ɗaga ya haura naira 200 kowane yunit a Afrilun 2024, kuɗin bai wuce naira 3,000 da 'yan kai ba. Golf ɗin haya da aka danƙara wa lodi kuwa za ta sha lita tara ko goma a wannan tafiyar. Wato a farashin ƙarshen 2024, kashi ɗaya cikin uku na kuɗin mai ya ishi mai lantarki. Ga shi ba juyen baƙin mai, ba canjin fulogi, ba kuloci, ba salansa, ba kabureta da za ta toshe saboda gurɓataccen mai. Wannan riba ce ta gaske, kuma duk wanda ya musa ta bai yi lissafi ba.

Duniya ma ta riga ta karkata. A 2024 an sayar da motoci masu caji sama da miliyan 17, kusan ɗaya cikin kowace sabuwar mota biyar, a China kuwa kusan rabin sababbin motocin da aka saya irinsu ne. Abin da ya jawo haka shi ne faɗuwar farashin batir, wanda ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100 daga 2010 zuwa yau. Da haka ne kamfanin BYD ya fitar da ƙaramar motarsa Seagull a 2023 a kan kuɗin da bai wuce dala 10,000 da kaɗan ba, Wuling kuma tun 2020 ya fitar da wata 'yar mitsitsiya da ba ta kai dala 5,000 ba. Waɗannan su ne ake kira masu araha.

Sai dai araha a aljihun wa? Dala 10,000, idan dala tana naira 1,500, naira miliyan 15 ke nan, kafin kuɗin jirgin ruwa da fito da ribar dillali. Gwamnatin tarayya ta cire harajin VAT a kan motocin lantarki a Oktoban 2024, kuma hakan ya rage wani abu, amma ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sai ya tara albashinsa gaba ɗaya, bai ci ba bai sha ba, na kusan shekara 18 kafin ya haɗa kuɗin. Direbobinmu ba sabuwar mota suke saye ba tun asali. 'Yar Kwatano ce da ta shekara ashirin a Turai, ko ta hannu wadda ta zaga mutum uku a Kano, a gyara a lallaɓa. Idan an ce to a jira 'yan Kwatanon lantarki, nan ma akwai magana. Tsohuwar motar fetur bakanike zai tayar da ita, ya saurari inji, ya duba hayaƙi, ya gaya maka gaskiyarta. Tsohuwar motar lantarki darajarta tana cikin batir, lafiyar batir kuwa ba a jin ta da kunne, sai da na'ura. Wanda ya sayi wadda batirinta ya gaji, kuɗin sabo zai iya fin abin da ya biya na motar.

Amma bari mu ɗauka an samu kuɗin, ko gwamnati ta saya ta raba bashi. Babbar matsalar tana gaba, ita ce wutar da za a ɗura. Najeriya mai mutum sama da miliyan 200 abin da take rabawa a babban layi yakan tsaya tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000. Zamfara tana ƙarƙashin kamfanin raba wuta na Kaduna, tare da Sakkwato da Kebbi, wutar kuma daga Kaduna take biyowa ta Zariya da Funtuwa zuwa Gusau, sannan a miƙo abin da ya samu zuwa arewacin jihar. Mu ne a wutsiya. Duk turken da iska ta kayar a hanya, duk wayar da ɓarayi suka yanke, duk taransifomar da ta ƙone, a kanmu take ƙarewa, kuma gyara a dajin da ma'aikata ke tsoron shiga ba ya zuwa da wuri. Masu sauraro ba su manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ke tahowa ta Binuwai shi ma ya faɗi, yawancin Arewa ta yi sama da mako guda cikin duhu. A wannan makon motocin fetur ba su daina zirga-zirga ba. Da a ce da wutar NEPA motocin hayar Ƙaura suke tashi, da tasha ta zama gareji. Ko a ranar da aka kawo wuta ma, batirin Seagull mafi ƙanƙanta yunit 30 yake ɗauka. Idan a soket ɗin gida aka jona shi, sai ya yi awa goma sha huɗu ko sha biyar kafin ya cika, kuma wutar ta tsaya cak ba ɗaukewa ba raguwa. Wace unguwa ce a Shinkafi ko Zurmi ko Moriki take ganin haka? Na'urar caji mai sauri, wadda ke cika batir cikin ƙasa da awa ɗaya, ita kaɗai tana jan kilowat 50, wato wani kaso mai tsoka na taransifomar da unguwa guda take rabawa.

Wani zai ce ai akwai janareta. Akwai, amma a nan ne ribar take narkewa. Ƙaramin janareta na fetur da ƙyar yake ba da yunit biyu daga lita ɗaya. Yunit 15 ɗin da motar take buƙata don kilomita 100 zai ci lita bakwai ko takwas, kusan abin da Golf za ta sha ta kai ka wurin kai tsaye. An sayi doki don a huta da tafiyar ƙasa, an koma ana ɗaukar masa harawa a ka.

Yanzu mu hau hanyar kanta. Daga Shinkafi zuwa Gusau kilomita ɗari ne da 'yan kai, zuwa da dawowa ya haura 200. A takarda, ƙaramar Seagull tana yin kilomita 305 da caji ɗaya, mai kallo sai ya ce ai ta isa har da saura. Amma wannan adadi a gwajin China aka same shi, a kan lafiyayyar kwalta, da matsakaicin gudu, ba lodi. Motar mutum huɗu aka ƙera ta ta ɗauka. Direbanmu kuwa biyu a gaba, huɗu a baya, but a buɗe an ɗaure buhuna da igiya, wani zubin har da akuya. Ƙara zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, ƙara ramuka da yashi da ratse, sai ka ga kilomita 305 ta zaftare sosai, abin da ya rage kuma da ƙyar ya kai ka gida. Batirin a ƙarƙashin motar yake shimfiɗe, ƙananan motocin birni kuma ba su da tashi daga ƙasa, don haka dutse ɗaya ko gefen kwalbati zai iya taɓa abin da ya fi komai tsada a jikinta. Da damina, inda ruwa ya cinye hanya, magana ta ƙara tsawo. Sannan akwai abin da masu ƙera motar ba su taɓa sa shi a lissafi ba, mu kuwa shi ne farkon lissafinmu. Hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi, da wadda ta bi ta Zurmi zuwa Gurbin Ɓaure da Jibiya, hanyoyi ne da 'yan bindiga suka sa ba a bin su da dare, ba a tsayawa a inda aka ga dama, kuma akwai wuraren da direba ke taka mota iyakar ƙarfinta. Gudu kuwa shi ne ya fi komai cin batir. Wata rana za a ce gaba ba lafiya, a juya, a yi zagaye mai nisa, ko a jira rakiyar jami'an tsaro. Mai motar fetur idan allurarsa ta yi ƙasa zai tsaya a ƙauye na gaba ya sayi galan, minti biyu ya wuce. Mai lantarki idan cajinsa ya ƙare a tsakiyar daji, babu yaron da zai rugo masa da wuta a jarka. A wata ƙasar wannan ɓacin rana ne kawai. A nan rai ne, nasa da na fasinjansa.

Zafi ma yana tsufar da batir. Nissan Leaf ta farko, wadda ta fito a 2010 ba tare da na'urar sanyaya batir ba, masu ita a jihar Arizona ta Amurka sun koka a 2012 cewa batiransu sun yi sanyi tun ba a je ko'ina ba, kuma zafin Arizona ɗan'uwan namu ne. Batiran yanzu sun fi juriya, amma irin waɗancan tsofaffin ne za su fara isowa kasuwarmu da sunan araha. Ga kuma batun gyara. Batirin motar lantarki yana ɗauke da wuta mai ƙarfin volt 300 zuwa 400, wadda za ta iya kashe mai rewayar da ya sa hannu da sabon da ya yi da batir mai volt 12. Kayan gyaran Golf kuwa ko a kasuwar ƙauye ba a rasa su.

Masu goyon bayan motar lantarki suna da amsa mai ƙarfi, kuma ya kamata a saurare ta. Sukan ce haka aka faɗa game da wayar salula. Kafin 2001 layin waya sai gidan wane da wane, ba mu jira NITEL ta ja waya zuwa kowane gari ba, muka tsallake, yau ga waya a hannun makiyayi, ga shagon cajin waya a kowace kasuwa yana aiki da sola. Me zai hana mota ta bi sahu? Abin da zai hana shi ne girman cikin. Wutar da za ta cika batirin ƙaramar mota sau ɗaya za ta cika wayoyi sama da 1,500. Farantin sola babba na wat 550 yakan ba da yunit biyu da ɗan wani abu a wuni a irin ranarmu, idan an share masa ƙura, da hunturu kuwa hazo yana rage masa ƙarfi. Mota ɗaya ke nan tana buƙatar faranti goma sha biyu ko fiye, su yi mata aiki wuni guda. To motar haya da rana tana kan hanya, da dare take hutawa lokacin da babu rana, sai an sayi wani batirin na ajiya da zai tara wutar ya juye mata. Tashar da ke da mota ashirin, sai a lissafa. Sukan kuma kawo misalin Habasha, wadda ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da dizal a farkon 2024. Gaskiya ne ta hana. Amma Habasha ta gina madatsar ruwa a kan kogin Nilu mai ƙarfin megawat sama da 5,000, wato ita kaɗai ta kai abin da Najeriya duka take rabawa a rana mai kyau, kuma duk da haka idan aka fita daga Addis Ababa wurin caji wahalar samu yake yi.

Akwai kuma masu cewa tunda haka ne a bar maganar, kayan Turawa ne, ba namu ba ne. Su ma ba su yi daidai ba, kuma tarihinmu na kusa ya isa shaida. A Satumban 2021, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun kayan aiki, gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana sayar da fetur a jarka, ta taƙaita gidajen man da za su sayar, aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar. Mutanen ƙauyukan Shinkafi da Zurmi sun ga yadda rayuwa take tsayawa idan mai ya yanke: ba babur ɗin kai mai naƙuda asibiti, ba injin ban-ruwa, ba injin niƙa. Fetur daga nesa yake zuwa, a kan hanya ɗaya, kuma doka ɗaya ko harin kwanton ɓauna ɗaya ya isa ya tsayar da shi. Rana kuwa a kan kowane rufi take faɗuwa. Yankin da ya fi kowa wahalar samun mai shi ya fi kowa dalilin neman abin hawan da ba ya jiran tanka. Kuma fasahar ba baƙuwa ba ce a wurinmu kamar yadda ake zato. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, shi ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, kuma lokacin da yake shugabantar hukumar ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. A Maiduguri, matashi Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin ƙananan bas-bas yana sa musu batir, gwamnatin Borno kuma ta sa tasi masu lantarki a titunan birnin tun ƙarshen 2023. Abin lura shi ne duk waɗannan a cikin gari suke aiki, gajeriyar tafiya, hanya sananniya, wurin caji ɗaya da ake komawa.

Wannan shi ya kawo mu ga ra'ayin wannan sharhi. Lantarki zai shigo sufurin arewacin Zamfara, amma ta ƙafa biyu da ƙafa uku zai shigo, mota sai daga baya. Babur da Keke Napep su ne motar talaka a nan, su ke kai yaro makaranta, su ke kai mara lafiya asibiti, su ke ɗauko kaya daga tasha, kuma yawancin tafiyarsu ba ta wuce cikin gari da ƙauyukan gefe. Batirin babur yunit uku ne ko kusa da haka, yana yin kilomita saba'in zuwa tamanin, faranti biyu na sola sun isa su cika shi a wuni. Kashi ɗaya cikin goma ke nan na cikin mota. Mutum ɗaya zai iya ɗaga shi da hannu, wanda ya sa ake iya musanya: ɗan kabu-kabu ya zo rumfa, ya ajiye wanda ya ƙare, ya ɗauki cikakke, ya biya kuɗin caji, cikin 'yan mintuna ya koma aiki. Haka kamfanin Ampersand yake yi a Kigali ta Ruwanda, haka kamfanin Spiro yake yi a Kwatano da Lome. Tsarin ya warware matsala biyu a lokaci ɗaya. Batiran suna shan rana a rumfa yayin da baburan ke kan hanya, kuma mai babur bai sayi batir ba balle ya damu da ranar mutuwarsa, haya yake yi. Wutar babur volt 60 zuwa 72 ce, abin da mai gyaran inbata da sola zai iya koyo cikin watanni. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda ke nan tun 1983, ga ɗalibai masu buƙatar abin hawa tsakanin makaranta da gari, ga sashen injiniya, babu inda ya fi ta dacewa a fara gwaji a kuma horar da masu gyara. Kuɗin da za a sayi motocin lantarki goma don bikin ƙaddamarwa a Gusau zai kafa rumfunan musanyar batir da yawa a Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, kuma rumfar da ke cajin babur da rana za ta iya ba wa asibitin da ke kusa haske da dare.

Wannan hanyar ma tana da ƙayarta, guda biyu kuma ba na wasa ba ne. Yawancin kekuna da babura masu lantarki da suka fi araha ba batirin lithium ke jikinsu ba, na dalma ne irin na motar fetur, mai nauyi, wanda zafi ke kashewa cikin shekara ɗaya ko biyu. Idan ya mutu 'yan gwangwan ke saye, a fasa, a zubar da ruwan, a narkar da dalmar a fili. Zamfara ba ta buƙatar a yi mata bayanin dalma. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su 'Yargalma da Dareta da Bagega, yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje. Duk wanda za a ba izinin shigo da waɗannan batira ya zama wajibi a kansa ya karɓi matattun ya fitar da su, kuma a rubuta hakan cikin yarjejeniya tun kafin a sauke kwantena ta farko.

Ta biyun ta fi nauyi, kuma jami'an tsaro za su tayar da ita ko mun ƙi ko mun so. Babur shi ne dokin ɗan bindiga. Yau ƙarar babura daga nesa ita ce gargaɗin da ke ba mutanen ƙauye 'yan mintunan gudu, toshe hanyar mai kuma yana cikin 'yan dabarun da hukuma take da su. Babur ɗin da ba ya ƙara, wanda ake cika shi da faranti a tsakiyar daji, zai iya raunana duka biyun. Ba a kawar da wannan tsoro da fatar baki. Abin da za a iya cewa shi ne ɗan bindiga yana yin tafiya mai nisa cikin yashi da goyon mutum biyu da makamai, aikin da babur mai kilomita saba'in ba zai yi masa ba a yanzu, kuma dokar hana mai ta 2021 ta fi gasa talaka fiye da yadda ta gasa shi, domin shi yana da kuɗin da zai saya ko nawa ne. Bayan haka, tsarin musanya ya fi fetur sauƙin sa ido. Batiran kamfanonin nan suna da lamba, suna da na'urar da ke nuna inda suke, kuma ana iya kashe su daga nesa. Litar mai idan ta shiga jarka ba wanda ya san inda za ta kwana. Don haka idan za a fara, a fara da batiran haya masu rajista a hannun ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu da masu Keke Napep na cikin gari, waɗanda shugabanninsu suka san kowane mamba da gidansu, a kuma zauna da jami'an tsaro da masarautu a kan iyakar inda za su riƙa kaiwa kafin a faɗaɗa zuwa ƙauyuka.